Yadda ake nemo kwafin tsohuwar shari'ar gona a kotunan Zamfara

"Assalamu alaikum Baba. Ni mutumin Ƙauran Namoda ne. A shekarar 1994 mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shari'a da wani maƙwabcinsa a kan gonarmu ta bakin gulbi, alƙali ya ba shi gaskiya. Takardar da aka ba shi ta lalace tun shekarar da ruwa ya ci ɗakinsa. Yanzu ya rasu, abokin shari'ar tasa ma ya rasu, sai ga 'ya'yan mutumin sun kawo muna sammaci, wai gonar ubansu ce. Na je kotu sau biyu, an ce in kawo lambar shari'a, ni kuwa ban da ita. Wani da ke zama bakin kotu ya ce in ba shi kuɗi ya fitar mini cikin kwana biyu. Shin ana samun kwafin shari'ar da ta wuce shekara 30? Ina zan dosa? Kuma ni da ba da ni aka yi shari'ar ba, za a ba ni?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, in na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko rubutun shari'ar 1994 yana nan, ko kai da kake magaji kana da ikon neman kwafinsa, da kuma ta inda za ka bi tunda ba ka da lamba a hannu. Akwai kuma wata da ba ka tambaya ba, alhali ita ce ta fi kayar da mutane, wato wane irin kwafi ne alƙali zai karɓa ya yi aiki da shi. Na fara aikin kotu ina akawu tun muna cikin Jihar Sakkwato, na ajiye aiki ina rajistara, kuma irin wannan nema naka ya sha biyowa ta teburina. Ana samu, sau da yawa ana samu. Magaji kuma yana da ikon nema. Amma mutumin nan na bakin kotu kada ka ba shi ko kwabo, zan gaya maka dalili in mun zo wurin.

Takardar da ruwa ya ci ba ita ce shari'ar ba

Fara kwantar da hankalinka da wannan. Abin da aka ba mahaifinku kwafi ne kawai. Asalin shari'ar yana cikin littafin shari'a na kotun da ta saurare ta, wani ƙaton littafi mai bango mai kauri, wanda ake rubuta komai a cikinsa da hannu: da'awar mai ƙara, amsar wanda ake ƙara, maganar kowane shaida, abin da aka soke shi da shi, i'izari (wato tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa masu shari'a ko akwai sauran magana), sannan hukunci da sa hannun alƙali. Ƙananan kotunanmu ba su saba buɗe wa kowace ƙara fayil nata ba kamar yadda Babbar Kotun Jiha ke yi. Rana-rana ake rubutu. Shari'ar gonarku za ta ci shafi biyu yau, a ɗaga ta, a shiga ta wata mata mai neman raba aure, a shiga ta bashi, sai bayan mako uku a dawo kan taku a wani shafi can gaba. Shari'ar da ta yi wata takwas ana yi tana iya warwatsuwa a wuri goma, wani lokaci ma ta tsallaka zuwa littafi na biyu. Shi ya sa da ka je aka ce ka kawo lamba. Ba lallai ne korarka aka yi ba. Lambar ita ce zaren da akawu zai kama ya bi shafi-shafi.

Ban da littafin shari'a, akwai wani littafin da mutane ba su san da shi ba, kuma shi ne maganin matsalarka. Rajistar ƙararraki ce. Duk ƙarar da aka shigar, a nan ake fara rubuta ta a layi ɗaya: lamba, rana, sunan mai ƙara, sunan wanda ake ƙara, abin da ake nema. Lambar ƙarar da ba ta laifi ba galibi tana farawa da haruffan CV, sai lambar jeri, sai shekara a ƙarshe. A kowace sabuwar shekara jerin yakan koma ɗaya. Don haka wanda ya san shekara da sunayen mutane biyun, lamba ba ta fi ƙarfinsa ba, sai dai a zauna a karanta rajistar shekarar daga Janairu zuwa Disamba.

Wace kotu ce ta gaji littattafan

A 1994 babu Jihar Zamfara. Ƙaura na cikin Jihar Sakkwato, kuma kotunan da ke jin shari'ar gona irin taku kotunan yanki ne, waɗanda mutane ke kira Eriya Kotu. An ƙirƙiri Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Sannan a 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka yi dokar da ta kafa kotunan shari'ar Musulunci, aka ƙaddamar a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aiki ya kankama a Janairun 2000. Kotunan yanki suka kau, kotunan shari'a hawa uku suka maye gurbinsu, ƙarama da ta tsakiya da babba. Allon suna ne ya canza, amma a mafi yawan wurare ginin yana nan, ma'aikata da dama suna nan, littattafai kuma ba su je ko'ina ba. Ba a kwashe su zuwa Sakkwato don an raba jiha ba. Don haka tambayar da za ka yi ba "ina Eriya Kotu" ba ce, domin yaron da aka ɗauka aiki bara bai san ta ba. Ka ce, "Wace kotu ce ta gaji littattafan kotun yanki ta wuri kaza?"

A nan sai ka koma gida ka tambayi manya, domin gari kamar Ƙaura ba kotu ɗaya ke gare shi ba, ga kuma na garuruwan kewaye. Tambayi mahaifiyarku in tana raye, da baffanninku, da mai unguwa. A wane gini aka yi zaman? Kusa da me yake? Wane alƙali ne? Mutanenmu sukan manta shekara amma ba su manta alƙali ba, sai ka ji an ce "wani dogon malami ne mutumin Gummi." Tsofaffin ma'aikata kuwa sun san wane alƙali ya zauna ina, daga yaushe zuwa yaushe. Ka tambayi kuma abin da ya faru a gida a lokacin: haihuwar wa aka yi, kafin azumi ne ko bayan Babbar Salla, an shuka ko an girbe. Shekarar da ka ce 1994 tana iya zama shekarar hukunci, alhali an shigar da ƙarar a 1993, lambar kuma ta shekarar shigarwa ce. Saboda haka ka nemi a duba shekara uku, wadda ta gabata da ita kanta da ta bayanta.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ɓatar da masu nema. Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina neman shari'ar yayansa. Kwana uku muna juya rajista da sunan da ya ba mu, Mamman Dogo, ba mu ga ko mai kama da shi ba. A rana ta huɗu ya zo da matar marigayin. Tana zaune bakin ƙofa, ta ji muna maimaita sunan, sai ta ce ai sunansa na yanka Muhammadu Sani, kuma ba shi ya kai ƙara ba, shi aka kai. Mu kuwa duk kwanakin nan layin masu ƙara muke bi. Kafin a kira azahar mun same ta. Tun daga ranar, duk wanda ya zo sai in sa ya rubuto mini kowane suna da aka san mutumin da shi: na yanka, na laƙabi, na uba, na sana'a, na unguwa. Kai ma ka yi haka, ga mahaifinku da abokin shari'arsa duka, kuma ka tabbatar da wanda ya kai wani.

Ga mai karatu da gonarsa ko filinsa ke da takardar mallaka ta gwamna, ba nan zai dosa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta keɓe shari'ar irin wannan fili ga Babbar Kotun Jiha, ta bar wa ƙananan kotuna damar jin ta filayen da ake riƙe da su bisa al'ada. Shi sai ya tafi rajistirin Babbar Kotu, inda lambobin Gusau ke farawa da ZMS/GS. Bashi da kuɗin haya kuma sau da yawa a gaban majistare suke. Wanda nemansa ya wuce 1968 baya, zamanin kotunan alƙalai na En'e, ya sani cewa yawancin rubutun lokacin da Larabci ko ajami yake, kuma in ba a samu a kotu ba akan leƙa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Za a ba ka, amma da takarda ake nema

Shari'a a bainar jama'a ake yin ta, haka sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, rubutun kotu kuma yana cikin abin da Dokar Shaida ta 2011 ta kira takardun hukuma a sashe na 102. Sashe na 104 ya ce jami'in da irin wannan takarda ke hannunsa, in wanda ke da ikon duba ta ya nema kuma ya biya kuɗin da doka ta yanka, ya ba shi kwafi. Kai ba baƙo ba ne a wannan shari'a. Ɗan wanda aka yi wa hukunci ne, gonar ta faɗo cikin gadonku, ga kuma sammaci a hannunka a kan ita wannan gonar. Ba ni da wata hujja da na taɓa gani ta fi wannan ƙarfi wajen neman kwafi. Inda kotu ke ɗan ja baya shi ne in wani can gefe ya zo neman shari'ar auren wasu ko ta riƙon yara, ba tare da ya nuna abin da ya haɗa shi da ita ba.

Kuskurenka a zuwa biyun nan shi ne da baki ka nema. Maganar baki ba ta shiga fayil, kuma ba wanda za a tuhuma in ta ɓace. Rubuta takarda. A kotun shari'a da Hausa ma ta wadatar, ka aika ta ga mai girma alƙali ta hannun rajistara. A Babbar Kotu da Turanci ake yi, zuwa ga rajistara. Ba ta bukatar tsawo. Ka faɗi sunanka da inda kake zaune da lambar wayarka, ka ce kai ɗa ne kuma magajin marigayi wane, ka kawo sunayen masu shari'ar biyu da duk laƙubbansu, abin da aka yi shari'a a kai da inda gonar take, shekarun da kake son a duba, da sunan alƙali in ka samo. Sannan ka rubuta a fili cewa ba ka da lamba, kana roƙon a binciko ta a rajista, a ba ka cikakken kwafin shari'ar mai shaidar kotu. Ka faɗi dalili, ka ambaci ranar da za ku koma gaban alƙali. Haɗa da hoton sammacin da na katin shaidarka. In an taɓa raba gadon mahaifinku a kotu, takardar rabon ita ma ta shiga. In ba a raba ba, takardar rantsuwa cewa kai ɗansa ne tana taimakawa, ko ka tafi da baffanku.

Ka buga takardar kwafi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗaya a buga maka tambarin karɓa da kwanan wata, a sa hannu, ka koma da ita gida. Wannan ƙaramin abu shi ne ke sa aiki ya motsa, domin duk ma'aikacin da ya sa hannu ya san akwai ranar da za a iya tambayarsa.

Kuɗi kuwa akwai, kuma halas ne: na bincike, na bugawa gwargwadon yawan shafuka, da na shaidar kotu. Rajistara ne ke lissafawa bisa jadawalin da kotu ke aiki da shi, wani wuri a biya wurin kashiya, wani wuri a biya a banki a kawo tela. Ko ta ina aka biya, ka karɓi rasit na gwamnati mai lamba, ka adana shi tare da kwafin. Ba don gudun a cuce ka kawai na ce haka ba. Biyan kuɗin hukuma yana cikin sharuɗɗan ingancin kwafin kansa, Kotun Ƙoli ma ta yanke haka, kuma lauyan abokin shari'a yakan tashi ya tambayi ina shaidar biya.

Game da lokacin zuwa, ka je da sassafe kafin alƙali ya zauna, ko bayan an tashi. In ana tsakiyar zama, rajistara da akawu duk suna cikin zaure, ba mai sauraronka. Ranar Juma'a gajeruwa ce. Kuma ka sa a ranka aikin makonni ne, domin bayan an gano shafukan sai an buga su, an zauna mutum biyu, ɗaya na karanta littafi ɗaya na bin bugu, kafin a sa hannu.

Ka nemi shari'ar duka, ba hukunci kaɗai ba

A nan nake son ka tsaya da kyau. Yawancin masu zuwa cewa suke a ba su "takardar hukunci", don ta fi araha kuma ta fi saurin fita. A shari'ar bashi ko ta saki hakan yakan isa. A shari'ar gona ba ya isa. Hukuncin alƙalin kotun yanki sau da yawa layi biyar ne ko shida: kotu ta tabbatar wa wane gonar da ake jayayya a kanta, saboda shaidar wane da wane, wanda bai yarda ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. To wace gona? Abokan shari'arka ba za su ce ba a yi shari'a ba. Cewa za su yi waccan gona daban, wannan daban. Abin da zai rufe wannan ƙofa yana can farkon shari'a, inda mai ƙara ya faɗi iyakoki, da kuma tsakiya, ranar da kotu ta fita gona ko ta aiki wakilinta ya je ya gano: gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, kudu da gulbi, arewa da tsamiya. Wani lokaci har da awon taki da ɗan zane a gefen shafi. Gonar bakin gulbi kamar taku, wadda ruwan Gagare kan ci gefenta wata shekara ya ƙara mata wata shekara, sunayen maƙwabtan nan su ne dukiyarka, domin ko sun mutu 'ya'yansu na nan suna noma wurin.

Dalilin da tsohon hukunci ke da amfani shi ne ƙa'idar da kotun shari'a da ta boko duka suka yarda da ita, cewa ba a sake shari'ar da aka riga aka yanke. Amma sai an nuna mutanen su ne ko magadansu, gonar ita ce, maganar da aka yanke ita ce ake son tadawa, kotun tana da hurumi, kuma hukuncin na ƙarshe ne. Hukunci kaɗai ba ya nuna duk wannan. Cikakken kwafi shi ke nunawa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kawo mu ga abin da ya kamata ka bincika tun kafin ka shiga gaban alƙali da ƙarfin gwiwa: shin abokin shari'ar mahaifinku ya ɗaukaka ƙara? Na ga wanda ya zo da hukuncin ƙaramar kotu yana murna, ashe kotun sama ta rushe shi bayan shekara guda, ta ce a sake shari'a, ba wanda ya koma. Ka sa a duba gefen rajista da ƙarshen shari'ar, akan rubuta in an yi afil. In an yi, akwai alheri a ciki ta wani ɓangaren, domin ba a jin afil sai ƙaramar kotu ta buga shari'ar duka ta aika sama. Ke nan akwai kwafi na biyu a kotun da ta ji afil ɗin, ko a Gusau ko a Sakkwato, kuma bugagge ne, ya fi rubutun hannu sauƙin karantawa. In har ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, a wancan zamani Kaduna ake kaiwa, yanzu kuwa reshen Sakkwato ne ke jin na Zamfara da Kabi da Sakkwato.

Abin da za ka duba kafin ka bar teburin rajistara

Kwafin da ke aiki shi ne wanda lauyoyi ke kira CTC, wato kwafin da kotu ta shaida cewa daidai yake da asali. Sashe na 104 ɗin nan ya faɗi abin da zai kasance a ƙasansa: rubutun shaida cewa kwafin gaskiya ne, kwanan wata, sunan jami'in da ya shaida, muƙaminsa, sa hannunsa, da hatimi in yana da ikon amfani da shi. Kada ka karɓa ka ninke ka sa aljihu. Tsaya nan ka duba ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga shafuka, ka ga lambobinsu na bin juna. Ka karanta sunaye da iyakoki, domin mai bugu yakan mai da "kudu" ta zama "gabas" in tawada ta dushe. In ka ga kuskure, a gyara a nan, a sake sa hannu. Kai kada ka taɓa shi da biro.

Gaskiya ne Dokar Shaida ba ta ɗaure kotun shari'a a ƙarar da ba ta laifi ba, alƙalinku yana iya duba takarda ya gamsu ta hanyar da fiƙihu ya tanada. Amma shari'ar gona ba ta cika tsayawa inda ta fara ba. In ta hau Babbar Kotu, hoton takarda da aka ɗauko a shagon kwamfuta ba ya shiga, sai mai shaidar kotu. Na ga an mayar da kwafi mai shafi 40 saboda wanda ya sa hannu bai rubuta muƙaminsa ba, mai shi ya sake biyan mota ya dawo. Kuma da yake da Hausa aka rubuta shari'arku, in ta hau sama za a bukaci fassarar Turanci, wadda ita ma kotu ce za ta yi ta shaida, ba wani ɗan makaranta a unguwa ba.

Yanzu ka ga dalilin da na hana ka mutumin bakin kotu. Aikin da ke cin makonni, ta yaya zai fito cikin kwana biyu ba lamba, ba takardar nema, ba rasit? Ko dai ya ci kuɗinka ya riƙa yi maka gobe-jibi, ko ya kawo maka hoton shafi biyu da ba su da shaida, ko kuma, wanda ya fi muni, a zauna a tsara maka hukuncin da ba daga littafi ya fito ba, a buga masa wani tambari. Ranar da alƙali ya ce a kawo littafi a gwada, kai za a kama da takardar jabu a hannu, ba shi ba. Ga gaskiyarku ta gado, ga ka kuma a gaban shari'ar laifi. Wannan abu yana ci mini rai, domin mafi yawan waɗanda na ga ya faɗa wa masu gaskiya ne, gaggawa ce ta kai su.

In an ja maka rai, ko aka ce ba a gani ba

In mako biyu ko uku suka wuce ba motsi, ka koma da kwafinka mai tambari ka nemi ganin alƙalin kotun da kansa, cikin ladabi. In bai yiwu ba, kotunan shari'a suna da sufetoci masu duba aikinsu, sama da su kuma akwai Babban Rajistara na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau, ƙarƙashin Girandi Kadi. Na Babbar Kotu da majistare suna ƙarƙashin Babban Joji. Takarda ɗaya zuwa can, haɗe da hoton ta farko, takan isa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana nan, mai ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma ban ba ka shawarar farawa da ita ba, hanyar kotu ta fi kusa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuma ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a a Gusau.

Kada kuma ka ƙi zuwa zaman da aka sammace ka don kwafi bai fito ba. Ka je, ka gaya wa alƙali cewa an taɓa yanke wannan shari'a tsakanin iyayenku, ka nuna masa takardar nemanka mai tambari da rasit, ka roƙi a ɗaga. Ka roƙe shi kuma ya rubuta wa waccan kotu da kansa, ko ya sa a kira rajistaranta ya zo da littafin. Takardar da ta fito daga alƙali zuwa alƙali ta fi taka saurin tafiya. Mai karatu da aka yanke wa hukunci kwanan nan, shi kuma kada ya zauna jiran kwafi har kwana 30 na afil su wuce. Ya shigar da afil ɗinsa, kwafi ya biyo baya. A manyan kotuna, sashe na 294 na Tsarin Mulki ya ce a ba masu shari'a kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi.

Ba zan ɓoye maka ba, wani littafin ya tafi. Na shiga ɗakin ajiya da hannuna na ɗaga littafi, bango ya taso, cikin kuwa gara ta mai da shi ƙasa. Na ga wanda ɗigon rufi ya manne shafukansa suka zama kamar allo. Kotun da aka yi wa ƙaura daga gini zuwa gini, a buhu ake kwashe littattafanta, ba kuma kowane buhu ke isa ba. In haka ta faru da naku, kada ka karɓi "ba a gani ba" da baki. Ka nemi a rubuta maka cewa an bincika ba a samu ba, da dalili, da sa hannu. Ka nemi kwafin layin rajista in ita ta tsira, domin ko ba komai tana nuna an yi shari'a tsakanin wane da wane a kan gona. A duba littafin kuɗi da rahoton da kotu kan aika wa sufeto. Sannan ka nemo rayayyu: shaidun da suka tsaya wa mahaifinku, mai unguwar da aka fita gona da shi, tsohon masinja ko muhutin kotun, wato mai taimaka wa alƙali.

Akwai kuma hauzi, wanda ko takarda ba ta fito ba yana tsaye da ƙafarsa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa a matsayin tasa, mai da'awa yana gari yana gani, ba abin da ya hana shi magana, kuma ba dangantaka a tsakaninsu, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40, kuma aro da jingina da haya ba su shiga ciki. Ku kun wuce shekara 30 kuna noman wurin a kan idonsu. Sai dai a nan iyakata ta zo. Ni ma'aikacin rajistiri ne, aikina nemo takarda da shaida ta. Yadda za a jera hujjar tsohon hukunci da ta hauzi a gaban alƙali, da wadda za a fara gabatarwa, aikin lauya ne ko malamin da ya san shari'ar ƙasa, wanda zai karanta sammacinku ya ji ta bakinku. Ka kai masa kwafin da zarar ya fito, ka yi hotonsa guda uku ka raba wa 'yan'uwanka, asalin mai hatimi kuma ka sa shi cikin leda ka ajiye a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa.